Yadda Ake Ɗaure Gini da Bashi a Amurka Idan An Hana Ka Kuɗin Aikinka

Duk wanda ya yi aikin gini a Amurka, kafinta ne ko mai fenti, mai tayil, mai wayarin ko mai kawo katako da siminti, doka ta ba shi wata dama da 'yan'uwanmu da yawa ba sa jin labarinta sai lokacinta ya wuce. Idan ka zuba guminka ko kayanka a ginin wani aka hana ka kuɗinka, kana iya zuwa ofishin rajista na gundumar da ginin yake, ka sa a rubuta bashin a kan takardun filin. Amurkawa na kiran wannan mechanic's lien, mu kuma a nan za mu ce masa ɗauri. Daga ranar da aka rubuta shi, bashin ya bi ginin. Mai gida ba zai sayar cikin sauƙi ba, banki ba zai ba shi sabon rance a kai ba, domin kafin kowane ciniki sai an binciki takardun filin, kuma ɗaurinka na nan zaune a ciki. In ya ƙi biya har ƙarshe, kotu na iya sa a yi gwanjon ginin a biya ka.

Dokar tsohuwa ce. Jihar Merilan ce ta fara kafa ta a 1791, da shawarar Thomas Jefferson da James Madison, waɗanda daga baya suka zama shugabannin Amurka, don a jawo magina su zo su gina birnin Washinton ba tare da fargabar a cinye musu kuɗi ba. Yau kowace jiha na da tata, a Kalifoniya ma cikin tsarin mulkin jihar aka rubuta ta. Babu doka ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, kuma dokar da za ta yi aiki a kanka ita ce ta jihar da ginin yake, ba ta inda kake kwana ba. Abin da ya fi ba ta ƙarfi shi ne ko da ba ka taɓa haɗa ido da mai gidan ba, babban ɗan kwangila ne ya ɗauke ka, kana iya ɗaure ginin. Rauninta kuma shi ne kwanaki. Kowane mataki na da wa'adi, kuma alƙali ba ya ƙara maka ko yini ɗaya don kana da gaskiya.

Mataki na farko: kafin ka sauke kayan aiki

Tun ran gini tun ran zane. Kafin ka fara, rubuta sunan mai filin na gaskiya kamar yadda yake a takardar mallaka, da sunan babban ɗan kwangila, da bankin da ya ba da rancen ginin idan akwai. Sau da yawa mutumin da ke zuwa yana ba da umarni ba shi ne mai filin a takarda ba, wani kamfani ne da aka yi wa rajista don wannan ginin kaɗai. A birnin Niyok (New York) ana duba wannan kyauta a ACRIS, shafin intanet na takardun filayen birnin, wanda ya ƙunshi Bronx, Manhattan, Brooklyn da Queens, kuma a can za ka samu lambar rukuni da lambar fili da za ka buƙata nan gaba. A Fulorida mai gida kan yi rajistar sanarwar fara aiki, ya liƙa kwafinta a wurin ginin. Ɗauki hotonta da waya, duk sunayen na ciki.

Sai lasisi. Idan aikinka na buƙatar lasisi kuma ba ka da shi, ka tsaya nan. A Kalifoniya ɗan kwangila marar lasisi ba zai iya karɓar kuɗinsa ta kotu ba, mai gida ma na iya neman a dawo masa da abin da ya riga ya biya. A birnin Niyok mai gyaran gidaje da ba shi da lasisin birni ba ya da ɗauri. Wannan shi ya fi kama mutanenmu masu karɓar ƙananan ayyuka da baki.

A rubuta yarjejeniya, ko da shafi ɗaya ne: aikin, farashin, ranakun biya, sa hannu. Jihohi da yawa na yarda da ɗauri a kan yarjejeniyar baki, amma tabbatar da ita gaban alƙali wahala ce. A Teksas, idan gidan da mutum ke zaune da iyalinsa ne, dole a rubuta yarjejeniyar kafin a fara aiki, miji da mata duka su sa hannu, a kai ta ofishin magatakardan gunduma. In ba a yi haka ba, babu ɗauri.

Idan ɗan haya ne ya ba ka aiki, kamar mai gidan abinci da ke gyara shagon da ya kama, ɗaurinka na iya tsayawa a kan hakkin hayarsa kawai, sai fa in mai ginin ya amince da aikin. Nemi amincewar a rubuce.

Mataki na biyu: sanarwar farko

Nan ne mafi yawan mutane ke zubar da hakkinsu, tun ba a fara rigima ba. Jihohi da dama sun ce wanda ba shi da yarjejeniya kai tsaye da mai gida sai ya aika masa takarda tun farkon aiki: ga ni, ga aikin da nake yi a gininka, ga wanda ya ɗauke ni, ga kiyasin kuɗin. Hikimar a fili take. Mai gida ya san su waye za su iya ɗaure masa gini, don ya tabbatar kuɗin da yake ba ɗan kwangila na isa gare su.

A Kalifoniya kwana 20 ne daga ranar da ka fara, kuma za ka aika wa mai gida, babban ɗan kwangila da bankin. Idan ka makara kana iya aikawa, amma za ta shafi aikin kwana 20 da suka gabace ta ne kawai da na gaba, na baya ya tafi. Lebura mai karɓar lada ba a ɗora masa wannan sharaɗi ba. A Fulorida kwana 45 ne, kuma wanda ya wuce su ya rasa ɗaurin gaba ɗaya. A Ohayo kwana 21. Teksas tata ta fi wahala: kowane watan da ka yi aiki ba a biya ba yana da sanarwarsa, zuwa ranar 15 ga wata na uku bayansa a ginin kasuwanci, wata na biyu a gidan zama. Jihar Niyok ba ta buƙatar sanarwar farko ko kaɗan.

Abin da ke hana mutane aikawa kunya ce. Wanda ya ba ka aikin ɗan'uwa ne, tare kuke sallar Juma'a, ko kuwa babban kamfani ne da kake fatan ya sake kiranka, sai ka ga kamar aika takarda zargi ne. A wajen masu wannan harka ba haka ba ne. Manyan masu sayar da kayan gini na aika ta a kowane aiki, ga wanda suka yarda da shi da wanda ba su yarda da shi ba, babu mai jin haushi. A ganina ma tana ƙara maka kwarjini, domin ranar da kuɗi suka yi ƙaranci, ɗan kwangila kan fara biyan wanda ya san zai iya ɗaure ginin, ya bar mai kawaici a layin baya. Ka gaya masa da bakinka tun farko cewa haka kake yi a kowane aiki. Aika ta wasiƙar rajista, ka adana rasit.

Mataki na uku: shaida, da takardun da za a miƙo maka ka sa hannu

Riƙe littafin aiki: ranar da ka fara, abin da aka yi kowace rana, mutum nawa, rasit ɗin kaya, hotuna masu kwanan wata. Duk ƙarin aikin da aka ce ka yi a tsakiya, a rubuta shi da farashinsa, ko da saƙon WhatsApp ne da aka amsa. Ƙarin aikin baki shi ake fara musantawa.

Duk lokacin da za a biya ka wani kaso, za a miƙo maka takardar yafe hakkin ɗauri. Karanta ta kafin biro ya taɓa ta. Iri biyu ce. Mai sharaɗi tana cewa ka yafe idan kuɗin sun shiga. Marar sharaɗi tana cewa ka yafe, an gama, ko cak ɗin ya dawo babu kuɗi. Kowaccensu kuma akwai ta biyan tsakiya da ta biyan ƙarshe, shi ya sa Kalifoniya ta tsara fom huɗu a cikin dokarta. Ka sa hannu a mai sharaɗi lokacin karɓar cak, marar sharaɗi sai bayan ka ga kuɗin a asusunka.

Duba kwanan watan da aka rubuta a ciki ma. A ce an biya ka dala 5,000 na aikin Janairu, amma takardar ta ce ka yafe duk abin da ka yi har ƙarshen Fabrairu. Ka sa hannu ke nan a kan kyautar wata guda. Idan akwai kason da ake riƙewa sai an gama aiki, wanda yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne, ko ƙarin aikin da ba a biya ba, rubuta a jikin takardar cewa ba sa cikin yafiyar. Wasu yarjejeniyoyin ma kan zo da layin da ke cewa ka yafe ɗauri tun kafin ka fara aiki. Dokar Niyok ta ce irin wannan layi ba ya aiki, amma ba kowace jiha ce ta ce haka ba, don haka a soke shi kafin sa hannu.

Mataki na huɗu: lissafin kwanaki

Ranar da ka gama aikinka, buɗe kalanda ka yi alama a ranar ƙarshe ta yin rajista. A ce mai tayil ne, ƙaramin ɗan kwangila, ya gama ranar 10 ga Maris yana bin dala 18,000. A Niyok yana da wata 8, wato zuwa 10 ga Nuwamba, amma idan gidan iyali ɗaya ne wata 4 kacal, zuwa 10 ga Yuli. A Fulorida kwana 90, wato 8 ga Yuni. A Teksas ranar 15 ga wata na huɗu bayan watan da ya gama, wato 15 ga Yuli a ginin kasuwanci, 15 ga Yuni a gidan zama. Kalifoniya tana ƙirga kwana 90 ne daga kammala ginin baki ɗaya, sai dai mai gida na iya yin rajistar sanarwar kammalawa, nan take wa'adin ya ragu zuwa kwana 60 ga babban ɗan kwangila, kwana 30 ga sauran. Merilan kuma, inda abin ya samo asali, ba a ofishin rajista ake farawa ba, kotu ake kai buƙata cikin kwana 180.

Komawa wurin aiki don gyara tayil ɗaya da ya fashe ko ɗauko tsaninka ba ya sabunta ƙirgar a yawancin jihohi. Ƙirga daga ranar da ka yi aikin yarjejeniya na ƙarshe.

Wanda ke ce maka "sai wani sati, banki bai saki kuɗi ba" wataƙila gaskiya yake faɗa, wataƙila kuma ya fi ka sanin kalandar. Ko wanne ne, alkawarinsa ba ya tsayar da wa'adi. Akwai kuma dalilin da ya sa bai kamata ka jira ranar ƙarshe ba. A Niyok ɗaurin ƙaramin ɗan kwangila na kama abin da mai gida bai riga ya biya babban ɗan kwangila ba ne kawai. Idan ka yi rajista bayan mai gida ya biya komai, ɗaurinka bai kama komai ba, ko da kana cikin wa'adi.

Mataki na biyar: wasiƙar gargaɗi

Kafin rajista, aika wa mai gida da ɗan kwangila wasiƙa: ana bin kaza, idan ba a biya cikin kwana goma ba za a ɗaure ginin. Wasu jihohin sun wajabta ta, kamar Pensilbeniya inda ƙaramin ɗan kwangila zai ba da kwana 30. Ko inda ba dole ba ne, yi ta. Sau da yawa mai gida bai ma san ba a biya ka ba, kuma kiran da zai yi wa ɗan kwangilarsa a daren nan ya fi kiranka ashirin tasiri. Bar tazara dai, kar gargaɗin ya cinye maka wa'adin.

Mataki na shida: cike takardar ɗauri da kai ta ofis

Yi amfani da fom ɗin jihar da ginin yake, ba wanda ka tsinta a intanet marar sunan jiha ba. Zai nemi sunanka ko na kamfaninka daidai da rajista, sunan mai fili, wanda ya ɗauke ka, irin aikin, ranar farawa da ta gamawa, adadin bashin, da bayanin filin. Adireshin titi kaɗai ba ya isa a wurare da yawa, kwafo bayanin filin daga takardar mallaka harafi da harafi. Yawancin jihohi na son a sa hannu da rantsuwa, sau da yawa a gaban jami'in shaidar sa hannu.

A wajen adadi ne zuciya ke yaudarar mutum. An ja maka rai wata uku, sai ka ji kamar ka ƙara kuɗin wahala da na aikin da ka rasa a wani wurin. Kada ka yi. Ɗauri na kuɗin aikin da aka yi da kayan da suka shiga ginin ne, a cire abin da aka biya. A Niyok idan kotu ta gano da gangan ka kumbura adadin, za ta soke ɗaurin duka, ta sa ka biya mai gida diyya da kuɗin lauyansa. A Fulorida yin rajistar ɗaurin ƙarya da gangan babban laifi ne da ake hukunta mutum a kai. Wasu jihohin na barin a nemi kuɗin ruwa a kan bashin. Wanda addininsa ya hana shi karɓa sai ya bar wannan layin, uwar kuɗinsa na nan daram.

Kai takardar ofishin da ya dace a gundumar da filin yake. A birnin Niyok ofishin magatakardan gunduma ne, ba ofishin rajistar filaye na birni ba. Akwai kuɗin rajista, ya bambanta daga gunduma zuwa gunduma. Je da kanka ko ka aika ta intanet inda aka yarda, domin idan ka aika ta gidan waya aka dawo da ita saboda kuskure ɗaya, kwanakin da ta yi a hanya naka ne suka ƙone. Karɓi kwafi mai hatimi.

Rajista ba ta cika sai an isar wa mai gida da kwafi. Teksas ta ba da kwana 5 bayan rajista, Fulorida 15, Jojiya kwana 2 na aiki. A Niyok kana da kwana 30, sannan ka kai shaidar isarwar ofis cikin kwana 35 daga ranar rajista, in ba haka ba ɗaurin ya mutu. A Kalifoniya shaidar isarwar na shiga cikin takardar ɗaurin ne tun kafin a yi mata rajista.

Mataki na bakwai: abin da zai biyo baya

Yawancin ɗauri ba sa kai wa ga gwanjo, a teburin sulhu suke ƙarewa. Amma mai gida na da nasa dabarun. Yana iya ajiye lamunin kamfanin inshora a madadin ginin, kashi 110 cikin ɗari na adadin a Niyok, 125 a Kalifoniya. Wannan ba asara ba ce gare ka, ginin ya kuɓuta amma yanzu kuɗi kake bi a hannun kamfanin da ke da su. Yana iya kuma matso maka da wa'adi. A Fulorida idan ya yi rajistar ƙin amincewa da ɗaurin, shekara ɗayan da kake da ita ta koma kwana 60. A Niyok yana iya neman ka kawo lissafi dalla-dalla cikin kwana 5, ko ka shigar da ƙara cikin kwana 30. Duk takardar da ta zo bayan rajista, buɗe ta a ranar.

Ɗauri yana da ajali. A Kalifoniya kwana 90 ne daga rajista, in ba ka shigar da ƙarar neman gwanjo ba ya zama banza. A Niyok shekara ɗaya, ana iya tsawaitawa, sai dai a gidan iyali ɗaya da izinin kotu ake yi. Ilinoi ta ba da shekara 2 daga gama aiki. Babban ɗan kwangila a Fulorida sai ya miƙa wa mai gida takardar rantsuwa ta lissafin ƙarshe aƙalla kwana 5 kafin ƙara.

Har zuwa rajista mutum mai natsuwa na iya yi da kansa. Ƙarar gwanjo aikin lauya ce, kuma a jihohi da yawa kamfani ba ya iya tsayawa a babbar kotu ba tare da lauya ba. Kafin ka shiga, yi lissafi da idon basira. Bashin dala 3,000 ba zai ɗauki kuɗin lauya ba, ƙaramar kotun basussuka ta fi dacewa da shi, ɗaurin kuma ya zauna yana matsa wa mai gida har wa'adinsa. Tambayi lauyan su wa ke gabanka a layi, domin idan rancen banki da harajin fili sun kai darajar ginin, gwanjo ba zai bar maka komai ba. Tambaye shi kuma wa ke biyan lauyoyi a ƙarshe. A Fulorida wanda ya yi nasara ne ke karɓar kuɗin lauyansa daga wanda ya faɗi, kuma wanda ya faɗin na iya zama kai. Idan ka ji mai gida ya kai kansa kotun fatara, dakata da komai sai ka ga lauya, domin dokar tarayya na tsayar da masu bin bashi nan take, ƙetare wannan kuwa na jawo tara.

Ginin gwamnati ba ya ɗauruwa: makaranta, titi, barikin soja, ofishin gidan waya. A madadinsa ana tilasta wa babban ɗan kwangila ya ajiye lamunin biyan ma'aikata. A ayyukan tarayya dokar Miller ta 1935 ce ke aiki. Wanda ba shi da yarjejeniya kai tsaye da babban ɗan kwangila zai sanar da shi a rubuce cikin kwana 90 daga aikinsa na ƙarshe, ƙara kuma cikin shekara ɗaya a kotun tarayya. Jihohi na da nasu makamantan. Nemi kwafin lamunin tun ranar da ka karɓi aikin.

Mataki na ƙarshe: kwance ɗauri

Idan aka daidaita, a rubuta yarjejeniyar sulhu da adadi da rana. In biyan kashi-kashi ne, kada ka kwance sai kaso na ƙarshe ya shiga, kuma ka ci gaba da kallon wa'adin ƙara, domin sulhu ba ya tsayar da shi. Hanya mafi aminci ita ce a ajiye takardar kwancewa a hannun lauya ko kamfanin binciken takardun fili, su sake ta lokacin da kuɗin suka tabbata.

Da zarar an biya ka, sa hannu a takardar kwancewa, a yi mata rajista a ofishin da aka yi ɗaurin, da lambar rajistar farko a jikinta. A Teksas kana da kwana 10 daga ranar da aka nema a rubuce. A Kalifoniya idan ɗaurinka ya mutu ka ƙi janye shi, mai gida na iya kai ka kotu a cire shi, kuma kai za ka biya lauyansa.